Littafin Aikin Farfaɗo da Land Cruiser ta 1978 da Babur Honda a Jidda

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau da hantsi saɗaha, wato motar ɗaukar motoci, ta sauke motar Kawu a filin da surukina yake ajiye kayan gini a Harazat, kuma daga yau zan riƙa rubuta duk abin da aka yi mata da abin da aka kashe. Motar Toyota Land Cruiser ce ƙirar FJ40 ta shekarar 1978, gajera, mai giya huɗu, da injin fetur 2F mai silinda shida a jere wanda girmansa ya kai lita 4.2. Kamfanin Toyota ya fara jerin 40 a 1960, ya ci gaba da ƙera shi a Japan har 1984, lokacin da jerin 70 ya gaje shi, wanda daga cikinsa ne a-kori-kurar da ake kira shas, wadda ta cika hanyoyin ƙasar nan, ta fito.

Kawu ya saye ta ne a hannu, ya yi shekaru yana jigilar kaya da ita tsakanin Jidda da Makka da Ɗa'ifa, kafin ciwon gwiwa ya hana shi taka kuloci. Daga nan ta daɗe a tsaye a Gulail tana shaƙar iskar teku, har zuwa 2022 da aka tashi unguwar aka ja ta zuwa wani fili. Tare da ita ya ba ni babur ɗinsa Honda CG125, wanda shi ma bai tashi ba tun wancan lokaci.

Tsarin da na yanke shi ne a fara daga ƙasa: casis, aksul, birki, sitiyari, inji, waya, sannan fenti a ƙarshen komai. Na ga motoci irin wannan da yawa ana tallarsu suna ƙyalli a sama alhali tsatsa ta gama da ƙarƙashinsu, kuma ba na son tawa ta shiga sahunsu. Sharaɗi na biyu shi ne duk wani ƙarfe na asali da zai gyaru, gyara shi za a yi, ba za a jefar da shi a sa sabo ba. Na ware riyal 25,000 domin motar, babur kuma lissafinsa daban. Kuɗin saɗaha riyal 250.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An yi wanki kawai, da ɗaukar hoton kowace waya da kowane bututu kafin a taɓa su. Na tanadi jakunkunan leda da alƙalami domin kowane noti ya shiga jaka da sunan inda aka kwance shi. Sabulu da man wanke giris sun ci riyal 140.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na cire fulogogi shida tun farkon mako, na zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda na bar shi ya jiƙa zoben fistin. Yau na sa babbar sifana a notin gaban karanshaf, injin ya juya ba tare da ya cije ba, wanda hakan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Bayan an sauya baƙin mai, muka ɗaura batirin aro muka auna ƙarfin matsi. Littafin kamfani ya ce lafiyayyen 2F yana ba da kilo 10.5 a kan kowane murabba'in santimita, mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi kilo 8, kuma bai kamata bambanci tsakanin silinda da silinda ya wuce kilo ɗaya ba. Silinda ta 1 da ta 2 da ta 5 da ta 6 sun tsaya tsakanin 9 da 9.5, amma ta 3 da ta 4 ba su wuce 5 ba. Idan maƙwabtan silinda biyu suka faɗi tare irin haka, zargi na farko yana kan gasket ɗin da ke tsakaninsu.

Ƙanena da wani abokinsa bakanike sun matsa mini a kan in sauke injin gaba ɗaya in ɗora na zamani daga tashlihi, wato kasuwar kayan matattun motoci, mai allurar mai da na'urar sanyaya ɗaki, domin a cewarsu zai fi gudu kuma ya fi sauƙin shan fetur. Ban musa musu wannan ba. Amma 2F inji ne na ƙarfen zubi daga sama har ƙasa, ba shi da bel ko sarƙar taimin sai haƙoran giya da ke juya juna, kuma ƙarfinsa yana fitowa ne tun yana juyawa a hankali, wanda shi ne abin da ake bukata a cikin rairayi da hawan dutse. Duk abin da ya same shi a daji, mutum zai iya gane shi da ido da kunne ya gyara da sifana. Idan aka raba motar da wannan, wata mota ce daban sanye da bodin tsohuwa. Injin zai zauna. Ma'aunin matsi riyal 120.

Asabar, 26 ga Oktoba

An kwance kujeru, rufi, ƙofofi, gilashin gaba da tankin mai, wanda a ƙirar wannan shekara yana ƙarƙashin kujerar gefen direba ne, sai daga 1979 aka mayar da shi ƙarƙashin bodi. Ƙaramin kiren ya ɗaga bodin ya ajiye a kan katakai, ya kuma sauke injin da giyabos, a kan riyal 300.

Da casis ya fito fili, na bi shi da guduma daga gaba zuwa baya. Dogayen ƙarafan biyu suna amsawa da ƙara mai kauri, sai dai ƙarfen da ya gitta a can baya ya rube a gefen hagu, kuma inda sifirin na baya yake rataye ya yi siriri har guduma tana lotsa shi. Na dunƙule ƙasa mai gishiri cike da hannu daga cikin kwarin casis ɗin. Ita ce ta riƙe danshi tana cin ƙarfen daga ciki.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Casis da bodi sun tafi wurin masu feshin yashi a Sana'iyya, unguwar garejoji. Na manna tef a kan lambar casis da aka buga a gaba ta ɓangaren dama, na kuma jaddada musu kada su kusance ta, domin idan ta goge babu maganar fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, balle sabunta istimara, takardar rajistar mota. Riyal 1,600.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Abin da yashi ya tono ya fi abin da na zata muni. Kusurwoyin baya biyu, waɗanda a ƙarƙashin fenti suke sumul kamar ba abin da ya taɓa samunsu, ashe bodi-fila ne mai kaurin yatsa, an cusa ragar waya da guntun kwano a bayansa domin ya sami abin kamawa. Aikin ya yi kama da yaɓen da ake yi wa katangar da gara ta riga ta cinye cikinta. Na tambayi Kawu, ya ce wata babbar mota ta taɓa gogar bayanta a hanyar Makka, ya kai ta wani gareji, suka mayar masa da ita cikin ɗan lokaci tana sheƙi, bai kuma taɓa sanin abin da suka rufe ba. Daɓen ƙarƙashin ƙafar direba ya huje a wurare da dama, haka ma dokin ƙofar baya.

Mai waldar da na samu dattijo ne ɗan Sudan, Bahaushen Mai Wurno, wanda ya daɗe yana aikin kwano a Jidda. Ya zagaya bodin yana shafawa da tafin hannu, sannan ya ce mini: “Ɗana, in kana son na sauri, akwai masu yi a layin nan. Ni yankewa zan yi har sai na kai ga ƙarfe mai rai, in lanƙwasa sabo in haɗa baki da baki.” Na ce masa: “Baba, abin da ya kawo ni wurinku ke nan, ku yi yadda kuka sani.”

Dalilin da ya sa na yarda da hanyarsa shi ne, idan aka ɗora faci a kan tsohon kwano aka yi walda a gefe, tsakanin ƙarafan biyu yana zama maɓoyar danshi, kuma a gari irin Jidda da iska take ɗauke da gishiri, bayan 'yan shekaru fentin zai kumbura a daidai wurin. Haɗin baki da baki yana cin lokaci, domin sai an riƙa ɗiga walda nan da can ana barin kwanon ya huce don kada zafi ya murɗe shi. Mun daidaita a kan riyal 4,500, har da gyaran casis da ƙarfe mai kaurin na asali. Fentin farko na efoksi da baƙin fentin casis sun ci riyal 950, kuma an fesa wa casis nasa a yau ɗin nan, ban da wuraren da za a yi wa walda.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An buɗe kan injin. Gasket ya ƙone tsakanin silinda ta 3 da ta 4 kamar yadda na yi zato, amma matsalar ba ta tsaya nan ba. Masu injin gyaran ƙarfe sun toshe hanyoyin ruwa na kan injin, suka hura masa iska a cikin kwatarnin ruwan zafi, sai ga kumfa yana fita daga wata tsaga siririya tsakanin mazaunin bawul biyu na silinda ta 4. Wannan alama ce ta cewa injin ya taɓa yin zafi sosai aka ci gaba da tafiya da shi. Sun ce za su iya yi masa walda, amma ba za su ba da tabbacin zai riƙe ba, domin ƙarfen zubi yana sake tsagewa a gefen walda idan ya yi zafi ya huce. A nan sharaɗina na gyara na asali ya kai iyakarsa, dole a nemi wani kan injin na 2F. Gwajin riyal 150.

Labari mai daɗi shi ne ramukan silinda, waɗanda faɗinsu na asali milimita 94 ne, ba su ci sosai ba. Gogewa kawai suke bukata da sabon zobe, ba sai an faɗaɗa su ba. Karanshaf ma lafiyarsa ƙalau.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na zagaya tashlihan Buraiman bayan sallar Juma'a ban dace ba. Abin da ake samu galibi na injinan da suka zo daga baya ne.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ta hanyar Baba mai walda aka haɗa ni da wani mutum a Bahra da yake da mataccen injin 2F a bayan gidansa, wanda fistin ya fasa cikinsa amma kansa bai taɓu ba. Na ƙi biya sai da ya yarda a kai shi gwajin iska tukuna. Ya fita lafiya, na biya riyal 1,900. Kuɗin ya yi yawa, sai dai ba a ƙera irinsa yanzu, kuma mai shi ya san da haka.

Na bar shi a wurin masu injin su share fuskarsa kaɗan, su gyara mazaunin bawul, su goge ramukan silinda. Na kuma roƙe su wani ƙaramin aiki da masu irin wannan mota suka daɗe da sani: a gefen kan injin, kusa da fulogi na biyar, akwai wani ɗan toshi da kamfani ya danna a bakin hanyar mai, wanda idan ya tsufa yakan fita ba zato, baƙin mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna injin ya ƙone. Za su cire shi su yanka zare a ramin su ɗaura kusa mai zare. Duk aikin riyal 1,100.

Asabar, 7 ga Disamba

Tun da inji da bodi suna hannun wasu, na juya kan babur. Honda ta fito da CG125 a 1975 bayan injiniyoyinta sun lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane suna ɗora wa babur kaya fiye da kima kuma ba sa sauya baƙin mai a kan lokaci, abin da yake cinye saman injinan da kamshaf ɗinsu yake a sama. Saboda haka suka sauko da kamshaf ƙasa kusa da mai, suka sa sanduna biyu suna tura bawul, suka kuma yi matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan ne ya sa babur ɗin Kawu, duk da daɗewarsa a tsaye, da na taka kik sai na ji matsi yana turo ƙafata.

Tankin ya yi tsatsa a ciki. Na zuba ruwan khal, wato binega, da tarin ƙananan notuna na riƙa girgizawa, na bar shi ya kwana, na ɗauraye na busar. Kafireto ɗin Keihin ya toshe da busasshen fetur, an jiƙa shi an hura kowace ƙofa. Wutar babur ɗin bolt 6 ce da kwantak, kuma a nan ne ake bukatar lura, domin kasuwa cike take da kayan babura 'yan Sin da aka kwaikwayo daga CG, waɗanda a ido iri ɗaya ne amma yawancinsu na bolt 12 ne marasa kwantak. Kayan kafireto da kwantak da batir sun ci riyal 220.

Asabar, 14 ga Disamba

Aksul na gaba shi ne aiki mafi ƙazanta zuwa yanzu. A kowane gefe akwai gwiwa mai siffar ƙwallo, a cikinta kuma akwai mahaɗin da ake kira Birfield wanda yake ba ƙafar gaba damar ja tana lanƙwasa. Giris ne ya kamata ya cika gwiwar, man giya kuma ya tsaya a cikin aksul, robar tare mai tana tsakaninsu. Robar ta mutu tuntuni, man giya ya gangaro ya narkar da giris, abin ya zama baƙin ruwa mai wari yana bin bayan taya. Mahaɗan biyu, bayan an wanke su da kananzir, ba su da tsaga ko rami, saboda haka za su koma.

Boris na sama da na ƙasa na kowace gwiwa ana daidaita su ne da siraran faranti, kuma na ɗaure na kowane wuri daban da waya tun lokacin kwancewa, domin idan suka cakuɗe sandar aksul ba za ta zauna a tsakiyar robar ba, sabuwar ma za ta mutu da wuri. Na auna taurin juyawar gwiwa da ƙaramin sikeli mai ƙugiya. Robobi, boris, gasket da giris sun ci riyal 1,250.

Asabar, 21 ga Disamba

An ɗaure wa babur sababbin wayoyin ƙafa, an sa taya da tif da sarƙa da haƙoranta, riyal 550. Baba mai walda ya gama casis, ya koma kan kusurwar hagu ta bodi.

Asabar, 28 ga Disamba

Birkin motar na kwano ne a ƙafa huɗu, kuma kowace ƙafa tana da ƙananan famfuna biyu, takwas ke nan gaba ɗaya, birkin hannu kuma yana da nasa kwanon a bayan giyar taimako. Famfunan asali sun cije da tsatsa, sai wani mai shago ya nuna mini sababbi a kwali mai kyau, ya rantse cewa daga Japan suke, riyal 80 kowane ɗaya. Muka ɗaura huɗu na gaba, muka zuba mai muka fitar da iska. Da safe na tarar da man birki ya jiƙa bayan farantai biyu. Da na kwance ɗaya na duba cikinsa da fitila, sai na ga ramin ba a goge shi ba, layukan injin da ya huda shi suna nan, sun yanka robar tun a takun farko. Wani kuma zaren bakinsa bai dace da bututun motar ba, yana shiga da sako-sako.

Abin ya ɓata mini rai matuƙa, ba don kuɗin kaɗai ba. Wannan mota ce da nake nufin in sauko da ita daga Hada, hanyar dutse ta Ɗa'ifa, da iyalina a ciki, kuma mai sayar da irin wannan kaya ya san a inda za a ɗaura shi. Ya karɓi huɗun da ba a taɓa ba ya mayar da riyal 320, sauran 320 sun tafi.

Na koma kan na asali. Bayan sun jiƙa a man sassauta tsatsa, na fitar da fistin ɗinsu da famfon giris, na goge ramukan da ɗan dutsen gogewa. Bakwai sun fito sumul, na takwas yana da rami mai zurfi, sai mutumin Bahra ya ba ni ɗaya daga tarkacensa kyauta. Robobin Japan na gaskiya riyal 380, babban famfo riyal 450, sababbin bututu da sake liƙa fatar takalman birki riyal 700.

Talata, 7 ga Janairu, 2025

Jiya Litinin an yi ruwan sama mai ƙarfi a Jidda da Makka. Iska ta yaga tamfol ɗin da aka rufe bodi da shi, ruwa ya taru a daɓen da Baba ya gama haɗawa amma ba a fesa masa fentin farko ba saboda ana jiran facin ƙarshe. Kafin yammacin yau duk sabon kwanon ya yi ja. Tsatsar ta sama ce, ba ta shiga ba, amma dole a bi ko'ina da buroshin waya da takardar yashi, a wanke da maganin tsatsa, a busar da layukan walda da wuta kafin a rufe. Ƙarin aikin da fentin riyal 600. Kayan inji suna cikin kwantenar surukina, ruwa bai kai gare su ba.

Asabar, 18 ga Janairu

An haɗa injin. Zobe, metal, gasket da robobi sun ci riyal 2,350, faranti da boris na kuloci riyal 980. An ɗaure notunan kan injin daga tsakiya zuwa waje, a zagaye uku ana ƙara ƙarfi, da sifana mai ma'auni. Kafireto ɗin Aisan na asali na wanke na sa masa sababbin kayan ciki na riyal 260, ko da yake an yi mini tayin sabo ɗan kwaikwayo a kan kuɗi kaɗan. Na asalin yana da ɗan gilashi a gaba da ake ganin tsayin fetur a ciki, wanda yake sauƙaƙa gane ko matsala daga famfon mai take ko daga kafireto. Kwantak, fulogi da wayoyinsu riyal 310, baƙin mai da matata riyal 230, batir riyal 320, famfon ruwa da tamostat da robobin ruwa riyal 690, wankin tanki riyal 200.

Jiya aka kammala gasar tseren motoci ta Dakar a Shubaita, Yazid Al-Rajhi ya lashe rukunin motoci da Toyota Hilux, ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya yi haka tun da aka kawo gasar ƙasar nan a 2020. Ɗana ya zo da labarin cewa akwai rukunin tsofaffin motoci da aka buɗe a 2021, yana tambaya ko tamu za ta shiga. Na ce masa burina bai wuce ta kai mu Ɗa'ifa da ramin Wa'aba ta dawo da mu lafiya ba, na kuma miƙa masa ma'aunin tazara ya koyi saita kwantak a milimita 0.45.

Asabar, 25 ga Janairu

Injin yana kan casis, da tanki na wucin gadi a gefe. Kafin a ba shi wuta, na cire fulogogi na juya shi da kik har ma'aunin mai ya motsa. An jera wayoyin fulogi bisa tsarin 1-5-3-6-2-4, aka ɗiga fetur a kafireto, ya yi tari ya kama. Na saita wuta a digiri 7, wato daidai lokacin da ɗan ƙwallon da ke jikin fulawil ya tsaya a kan allura a tagar da ke bayan inji.

Ƙanena ya ɗauko Kawu domin ya gani. Na ce masa: “Kawu, ku matso kusa ku saurara, ko haka muryarta take a da?” Ya sunkuya ya kasa kunne, sannan ya ce: “Ita ce, amma akwai bawul ɗaya a baya da yake ƙwanƙwasa, ka duba shi idan ta yi zafi.” Da injin ya ɗumama na buɗe murfin na auna: na shigar mai milimita 0.20, na fitar hayaƙi 0.35. Na fitar hayaƙi na silinda ta 6 ya buɗe fiye da ƙa'ida, na ɗaure shi, ƙarar ta ɗauke.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Babur ya tashi, na zagaya fili da shi, giyoyinsa duka suna shiga. An saita bawul a milimita 0.08 yana sanyi. Ɗinkin sirdi, wayoyin birki da kuloci, gasket da mai sun ci riyal 260.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na bar injin motar yana aiki a tsaye domin in ga yadda zai riƙe zafi, sai allura ta riƙa hawa ba ta tsaya ba, na kashe shi kafin ta kai ja. Da na shafa lagireto, sama da gefuna suna ƙuna amma tsakiyarsa da ɗumi kawai, alamar ruwa ba ya bin bututun tsakiya. Mai gyaran lagireto ya narke dalma ya ɗaga tankin sama, sai ga fiye da rabin bututun a toshe da farin dutse, irin wanda ruwan famfo yake bari idan an daɗe ana zuba shi. Ina kyautata zaton wannan ne asalin zafin da ya ƙona gasket ya tsaga kan injin tun farko.

Shawarar da na fi ji a Sana'iyya ita ce in cire tamostat in jefar, wai ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Ban karɓa ba. Tamostat ba shi ne yake kawo zafi ba, aikinsa shi ne ya sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya tsaya a nan, kuma cire shi ba zai buɗe toshewar lagireto ba. An bar tankunan tagulla na asali, aka sa sabon ciki, riyal 850. Daga yanzu ruwan sanyaya inji na kanti kawai zai shiga cikinsa. Da aka mayar, allura ta tsaya ƙasa da tsakiya ba ta ƙara motsi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kiren ya mayar da bodi kan casis da sababbin robobin zama, riyal 300. Mai aikin waya ya warware tsohon kunshin, ya cire ƙarin wayoyin da aka yi ta jonawa a tsawon shekaru, ya sauya waɗanda suka bushe da masu launi iri ɗaya domin su dace da zanen littafi. Riyal 900.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ta yi tafiyarta ta farko da ƙafarta a cikin fili. Birki yana kamawa daidai ba ya ja gefe, giyar taimako tana shiga babba da ƙarama. Sitiyari yana da wasa fiye da yadda nake so, kuma na gano daga hannun tsakiya ne da ke gaban casis, wanda yake bukatar sabon bushi. Giya ta biyu tana ɗan ƙara idan an sauko mata da sauri.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An sanar da ganin wata, gobe ɗaya ga Ramadan, saboda haka aikin zai tsaya sai bayan Sallah, in ban da abin da za a iya yi da dare. Lissafin mota ya kai riyal 22,100, na babur riyal 1,030. Abin da ya rage daga kasafin motar riyal 2,900 ne, kuma ba zai ɗauki fenti ba, domin mafi sauƙin farashin da aka ba ni na aiki mai kyau riyal 6,000 ne.

Na yanke cewa ragowar kuɗin zai tafi ga bushin sitiyari da tayoyi masu lamba 7.50-16, domin waɗanda ke kanta sun tsattsage a gefe, ko da za a ɗan ƙara a kai. Bayan haka sai inshora, a ɗauke ta da saɗaha zuwa fahas, a sabunta istimara, sannan Kawu ya mayar da ita sunana ta manhajar gwamnati ta Absher. Babur ma yana bukatar tasa istimarar kafin ya hau titi. Motar za ta zauna da fentin efoksi mai ruwan toka har zuwa lokacin da kuɗin fenti zai taru, kuma launin da za a fesa shi ne ruwan ƙasa mai haske na asali, wanda na samu ragowarsa a bayan murfin akwatin gaban mota na kai aka auna. Giyabos ba za a buɗe shi yanzu ba. Zan sauya masa mai in saurari giya ta biyu a tafiyar gwaji ta farko zuwa Usfan a cikin Shawwal, in Allah ya kai mu, kuma abin da na ji a wannan tafiya shi zai nuna ko za a sauke shi kafin a hau Ɗa'ifa.